Hanta, Gyaɗa da Gado: Me Ya Sa Ciwon Daji Ke Kama Wani Ya Bar Ɗan'uwansa a Ƙasar Adar?

Duk wanda ya daɗe a ƙauyukan Adar ya san wannan ciwo, ko da bai san sunan da likitoci ke kiransa da shi ba. Magidanci ne mai shekara arba'in ko ƙasa da haka, wanda bara ma shi ya nome gonarsa, ya tafi cin rani ya dawo da ƙarfinsa. Sai ya fara kukan wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Abinci ya fita ransa, jiki ya zube, idanu su koma ruwan ɗorawa, ciki ya cika da ruwa. Kafin dangi su gama shawarar a kai shi Buza, ko Galmi, ko Tawa, ko a tsallaka da shi Sakkwato, ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa. A wurin zaman makoki kuwa kowa da abin da zai ce. Wani ya ce shawara ce ta shige ciki, wani ya ce jifa ne, wata dattijuwa ta ce ai ciwon gidansu ne, haka kawunsa ya tafi.

Sau da yawa wannan ciwon dajin hanta ne. Rajistar masu ciwon daji da ake tattarawa a Yamai tun 1992 ta daɗe tana nuna shi a sahun gaba cikin ire-iren ciwon dajin da ke kama maza a Nijar. A 2017 likitoci daga ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya da Gana da Kamaru da Sudan, sun haɗa bayanan majinyatansu. Idan aka cire Masar, matsakaicin shekarun mai ciwon 46 ne, kuma rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi a raye ba bayan an gano abin da ke damunsu. A Turai ciwon tsofaffi ne. A nan yana ɗaukar mutum ne a daidai lokacin da gida ya dogara da shi.

Maganar dattijuwar nan ita ce ta fi riƙe ni. Ciwon gidansu. Akwai gaskiya a cikinta, sai dai gaskiyar tana da rassa uku da suka sarƙe, kuma a yau da ake ta yaɗa cewa wata ƙabila jininta ya fi na wata ƙarfi, ya kamata a warware su ɗaya bayan ɗaya. Gida ɗaya yana cin abinci daga rumbu ɗaya. Gida ɗaya yana iya ɗauke da ƙwayar cuta ɗaya da uwa ta ba ɗa. Gida ɗaya kuma yana gadon halitta iri ɗaya. Wanne ne cikin ukun ke da rinjaye?

Dafin da ba ya ɗaci a baki kullum

Tabotaki ƙaramar hukuma ce a gundumar Buza ta jihar Tawa, ƙasar tuddai masu duwatsu da kwaruruwan da ruwa ke bi da damina. Gero da dawa da wake su ne ginshiƙin gona. Gyaɗa, wadda mutanen yankin suka fi kira gujiya, ba ta mamaye gonaki yadda ta yi a Maraɗi da Damagaram ba, amma babu madafin da ba ta shiga. Ita ce mai, ita ce ƙuli-ƙulin da ake dakawa a kwaɗa zogale, ita ce yajin tsire, ita ce labun da ake shafa wa kilishin da Madawa ta yi suna da shi, ita ce kunun da ake ba mai jego da yaron da aka yaye. Kafin ma'adinin yuraniyam, gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan ciniki, kamar yadda suka kwashe dalar gyaɗa ta Kano. Abin da ya rage ya koma hannun mata masu matsar mai da kasuwannin mako.

A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila ba tare da an san dalili ba. Da aka bi sawu sai aka gano tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil ce, kuma a cikinta akwai wani dafi da fumfunar nan mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa. Aka raɗa masa suna aflatoksin. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa shi a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam.

Wannan fumfuna a cikin ƙasa take zaune, kuma ba ta samun galaba sosai sai shuka ta wahala. Idan ruwa ya ɗauke makonni kaɗan kafin gyaɗa ta nuna, ƙasa ta yi zafi, ƙwanso ya tsage, ko gara ta huda shi, nan take shiga. Duk manomin Adar ya san sau nawa damina ke yin wannan yankan ƙauna. Bayan an tuge kuma, idan an tara ta a ƙasa da danshi, ko an ɗura a buhun leda ba ta gama bushewa ba, ko ƙwari sun shiga rumbu, dafin ya ci gaba da ƙaruwa wata bayan wata. Masara ma haka take, musamman wadda ake kawowa daga kudu mai laima lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Gero ya fi su tsira, kuma wannan wata rahama ce ga ƙasar da fura da tuwon gero ne abincinta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda gyaɗar da ta lalace ke zuwa. Mai kyau, cikakkiya, ita ake kai wa kasuwa don ta yi kuɗi. Tsintar da aka ware, mai yamushi, mai baƙi-baƙi, wadda ƙwaro ya ci, ba a zubar da ita, domin talaka ba ya zubar da abinci. Ita ake sayarwa da araha ga mai matsar mai, ko a bar wa yara, ko a ba tumaki da kaji. Suya ba ta kashe dafin, tafasa ba ta kashe shi. Idan an matse mai, mafi yawan dafin a tunkuza yake zama, daga nan ya shiga ƙuli-ƙuli. Dabbar da ta ci, wani sashe yana fita a nononta, haka ma uwa mai shayarwa. Wani lokaci ƙwayar gyaɗa takan yi ɗaci a tofar, amma sau da yawa babu ɗanɗano, babu wari. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci idan dafin ya wuce mikirogiram 4 a kilo ɗaya. Babu mai auna tiyar da aka sayo a kasuwar ƙauye.

Idan ya yi yawa ƙwarai yana kisa nan take. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kamu bayan cin gurɓatacciyar masara, 125 suka rasu. Amma aikinsa na yau da kullum a ɓoye yake yinsa. A Benin da Togo an auna jinin yara 480 a wani bincike da ya fito a 2002, aka sami alamar dafin a jinin kashi 99 cikin ɗari, kuma waɗanda suka fi yawansa su ne suka fi tsumburewa.

Abin da hanta ke yi da shi

Duk abin da mutum ya haɗiye, daga hanji hanta yake fara zuwa. A can akwai wasu sinadarai masu aiki da masana ke kira enzayim, kuma jiki yana ƙera kowannensu ne bisa umarnin da ke rubuce a ƙwayoyin gadon da muka samu daga uwa da uba. Aikin tsarkake dafi hawa biyu ne. Rukunin farko, irin su CYP1A2 da CYP3A4, su ke fasa dafin su sauya masa siffa. Abin mamaki, a game da aflatoksin wannan sauyi shi ke mai da shi mugu na gaske. Rukuni na biyu, dangin GST, su ke kama wannan sabuwar siffa su ɗaure ta da wani sinadari, ta narke a fitar da ita ta matsarmama da fitsari. Kamar mutum biyu ne a bakin ramin maciji, ɗaya yana tono, ɗaya yana riƙe da sanda. Idan mai tono ya yi sauri mai sanda kuwa ba ya nan, wanda ke kusa shi zai sha sara.

Saran a nan shi ne dafin ya manne wa DNA, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayar hanta, ya sa a yi kuskure wajen kwafarsa. A 1991 masu bincike biyu daban-daban, ɗaya a kan majinyatan Cidong ta ƙasar Sin, ɗaya a kan na kudancin Afirka, suka gano cewa dafin yana da wurin da ya fi so: gurbi na 249 a ƙwayar gadon TP53, wadda aikinta shi ne tsayar da ƙwayar jikin da ta fara lalacewa. Harafi ɗaya ne ke sauyawa a wurin, mai gadin ya daina aiki. Wannan tabo kusan ba a ganinsa a ciwon hantar mutanen Turai. A Gambiya an same shi a jinin kimanin mutum 4 cikin 10 na masu ciwon.

Cewa ƙarfin rukuni na biyu yana da tasiri, dabbobin gwaji sun nuna shi ƙarara. Ƙananan ɓeraye suna jure aflatoksin mai yawa ba tare da ciwon daji ba, saboda hantarsu tana da wani nau'in GST mai tsananin ƙwazo. Manyan ɓerayen ɗakin gwaji ba su da wannan gata, kaɗan ya ishe su. Ɗan Adam ya fi kusa da na biyun.

Inda al'ummomi suka bambanta

A cikin dangin GST akwai biyu da aka fi nazari, GSTM1 da GSTT1. Mutane da yawa a duniya an haife su babu ɗaya daga cikinsu kwata-kwata, domin sun gaji gurbin a wofi daga uwa da uba duka. Lafiyarsu ƙalau, ba su ma san da zancen ba. Wani babban tattara bayanai da aka wallafa a 2001 ya nuna cewa kimanin rabin Turawa ba su da GSTM1, haka ma rabin mutanen gabashin Asiya, amma a cikin masu asalin Afirka kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu. GSTT1 kuwa, kimanin kashi 20 na Turawa ne ba su da shi, a gabashin Asiya ya kusa rabi.

Irin wannan bambanci ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun san sikila ta fi yawa a inda zazzaɓin sauro ya daɗe yana kisa. An tabbatar a Burkina Faso tun 1996 cewa Fulani sun fi maƙwabtansu Mosi jure zazzaɓin, alhali sauro ɗaya ke cizonsu. A gabashin Asiya kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutane suna da raunin enzayim ɗin ALDH2, fuskarsu tana ja idan sun sha giya, kuma wanda ya nace da sha a cikinsu ya fi kamuwa da ciwon dajin maƙoshi. A Hawai da Los Anjalas an bi mutane dubbai na tsawon shekaru, aka ga cewa a tsakanin masu shan sigari daidai wa daida, baƙaƙen Amurka da 'yan asalin Hawai sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu a kan masu asalin Japan, waɗanda da yawansu jikinsu ke jinkirin sarrafa nikotin. Sai kuma NAT2, wanda likitocin tarin fuka suka fara lura da shi, domin wasu majinyata jikinsu yana jinkirin fitar da maganin isoniyazid. Masu wannan jinkiri, idan suna shan taba, haɗarin ciwon dajin mafitsara yana ƙaruwa a kansu da kimanin kashi 40 cikin ɗari.

Binciken da ya fi kusa da halinmu a Gambiya aka yi shi, ƙasar gyaɗa mai fama da ciwon hanta kamar tamu. A 2005 Gregory Kirk da abokan aikinsa suka kwatanta masu ciwon dajin hanta 216 da mutum 408 marasa shi. Waɗanda ba su da GSTM1 haɗarinsu ya ninka sau biyu da ɗoriya. Da aka ware waɗanda suka fi kowa cin gyaɗa, sai ya haura ninki huɗu. A Sudan ma, inda dubban Hausawa suke zaune tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, wani bincike na 2001 ya nuna cewa alaƙar cin niƙaƙƙiyar gyaɗa da ciwon ta fi ƙarfi a wurin marasa GSTM1. A Taiwan an ga makamancin haka.

To, a nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani, domin alƙaluman nan suna faɗin wani abu da masu son zancen ƙabila ba sa so su ji. Da rashin GSTM1 shi ne tushen ciwon, da Turawa sun fi mu shan wahalarsa, tunda rabinsu ba su da shi, mu kuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Amma ciwon dajin hanta mai tabon aflatoksin a Afirka ta Yamma yake, ba a Faransa ba. Bafaranshen da ba shi da GSTM1 yana rayuwa har tsufa bai san ya rasa komai ba, domin an auna abincinsa kafin ya iso gare shi. Raunin gado ba ya bayyana sai dafi ya shigo. Ko a Gambiyar, da Christopher Wild da abokansa suka auna dafin a jinin manya, abin da ya fi bambanta mutane shi ne ƙauye ko birni suke zaune, da kuma rani ne ko damina, wato ko ana cikin cin gyaɗar ajiya. Tasirin gado yana nan, amma ƙarami ne kusa da waɗannan. Kuma ba kowane bincike ne ya same shi ba, wasu sun nema ba su gani ba.

Wace ce ƙabilar mutumin Adar?

Akwai wata matsala kuma. Idan an ce "mutanen Afirka" a irin waɗannan alƙaluma, yawanci baƙaƙen Amurka ake nufi, ko wasu 'yan ɗaruruwa daga ƙasa ɗaya ko biyu. Alhali babu nahiyar da mutanenta suka bambanta da juna a halitta kamar Afirka, domin a nan ɗan Adam ya fi daɗewa. A 2020 shirin H3Africa ya karanta cikakken rubutun gadon mutum 426 kacal daga al'ummomi 50, ya sami bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Duk da haka, a manyan binciken gado na duniya, kusan kashi 80 na waɗanda aka nazarta masu asalin Turai ne, masu asalin Afirka kuwa kimanin kashi 2. Alƙaluman Gambiya na Mandinka da Wolof da Fulanin can ne. Suna haska mana hanya, amma ba awon mutanen Buza ba ne.

Sannan ka dubi ƙasar da kanta. Adarawa, Gobirawa, Fulani, Buzaye, duk a kwari ɗaya suke shayar da dabbobi. Kel Geres sun gangaro daga Abzin suka zauna a yankin Madawa ƙarnuka da suka wuce. Sarautar Keita tana hannun zuriyar Lisawan masu asalin Abzin, jama'arsu kuwa Hausa suke yi. An yi auratayya, an yi bauta da 'yantawa, an yi hijira saboda yunwa da yaƙi, mutane sun shigo Hausa ta harshe da addini da kasuwa. Bahaushe suna ne na al'ada da harshe, ba tambarin jini ba. Masanin nan Richard Lewontin ya lissafa tun 1972 cewa kimanin kashi 85 na bambancin gadon ɗan Adam a cikin kowace al'umma yake, ba a tsakanin al'ummomi ba. Ma'anarsa, 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya a Tabotaki, ɗaya yana iya samun GSTM1 ɗaya ya rasa. Sanin ƙabilar mutum ba ya gaya maka wanne ne shi.

Ina jaddada wannan ne domin na san yadda magana ke sauya kama idan ta fita daga hannun masana. Mun ga yadda gwajin sikila, wanda alheri ne, ya zama abin gori a wasu gidaje. Ranar da aka fara cewa dangin wane hantarsu ba ta da ƙarfi, 'ya'yansu mata ne za su fara biya a wajen aure, kuma ba a rage ko ƙwayar fumfuna ɗaya daga rumbu ba.

Abokin tafiyar dafin

Reshen da ya rage shi ne mafi nauyi: ƙwayar cutar hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ƙasa a matsayin mai yawan cutar idan kashi 8 na mutanenta suna ɗauke da ita. Gwaje-gwajen da aka yi a Yamai kan masu ba da jini da mata masu ciki sun sha samun kusan ninki biyu na wannan. Yawanci a ƙuruciya ake kamuwa, daga uwa wajen haihuwa, ko tsakanin yara, ko ta askar da aka yi wa wani kaciya ko tsaga ko cire belu da ita ba a tsabtace ta ba. Babban mutum idan ya kamu, galibi jikinsa yana korar cutar. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa, 9 cikin 10 za su zauna da ita har ƙarshen rayuwa, tana cin hanta shiru shekara talatin ko arba'in. Ga inda kalmar "ciwon gidansu" ta fi samun gindin zama: uwa ɗaya, 'ya'ya da yawa.

A birnin Shanghai an ɗauki fitsari da jinin maza 18,244 aka bi rayuwarsu. Wanda aka sami aflatoksin kaɗai a jikinsa, haɗarinsa ya ninka sau 3 da ɗoriya. Mai cutar hanta B kaɗai, sau 7. Wanda ya haɗa biyun, kusan sau 60. A ajiye wannan kusa da ninki biyun da rashin GSTM1 ke kawowa, a ga wanda ya fi.

Hujjar da ta fi gamsar da ni daga Cidong ta zo, gundumar da a da take cikin wuraren da ciwon dajin hanta ya fi kisa a duniya. Mutanenta masara suke ci, domin dokar lokacin ta tilasta wa kowane yanki cin abin da ya noma. A tsakiyar shekarun 1980 aka saki kasuwa, suka koma shinkafa. Dafin da ke jininsu ya yi ta raguwa, daga 1989 zuwa 2009 ya kai inda da ƙyar ake iya gano shi, mutuwa daga ciwon kuma ta ragu sosai a tsakanin mutanen da ba a taɓa yi musu rigakafin cutar hanta ba. Gadonsu bai sauya ba ko kaɗan. Tukunyarsu ce ta sauya.

Ba za a ce wa mutanen Adar su bar gyaɗa ba, kuma bai kamata ba, domin a gidaje da yawa ita ce naman yara. Amma a Kindiya ta ƙasar Gini an gwada abin da ya dace da ƙarfin manomi. A ƙauyuka 20, rabi aka koya musu tsince gyaɗa da hannu, shanya ta a kan tabarma maimakon ƙasa har sai ta yi ƙara idan an girgiza, ɗura ta a buhun algarara, ɗora buhunan a kan katako, da sa maganin ƙwari a ƙasan ɗakin ajiya. Bayan wata biyar, dafin da ke jinin mutanen waɗannan ƙauyuka bai kai rabin na sauran ba. An wallafa sakamakon a 2005. Akwai kuma irin gyaɗa 55-437 da manoman Nijar suka daɗe da sani, mai saurin nuna, wadda masu binciken noma na ICRISAT, masu cibiya a Sadore kusa da Yamai, suka tabbatar tana da juriya ga shigar fumfunar. A Ibadan cibiyar binciken noma ta IITA ta samar da Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Najeriya a 2014: dawa ce da aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta fitar da dafi, a watsa a gona ta kore mai dafin, kuma yana rage gurɓata da kashi 80 ko fiye. Duk aikin da ke riƙe ruwa a gona ma yana taimakawa, tunda ƙishin ƙarshen damina ne ƙofar fumfunar. Matan da suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da tuddan Keita tun daga 1984 sun riga sun nuna cewa yankin ya iya irin wannan aiki. Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba shi ne, tsincewa ba ta da amfani idan tsintar za ta koma cikin yaro. Sai an binne ta ko an ƙone, kuma wannan asara ce da ba za a ɗora wa matalauciyar mai matsar mai ita kaɗai ba. Dole kasuwa ta fara biyan gyaɗa mai tsabta fiye da marar tsabta.

Ƙasar Italiya da ta ba da kuɗin aikin Keita ita ce kuma ta tallafa wa shirin rigakafin cutar hanta B da aka fara a Gambiya a 1986, wanda ya nuna cewa allurar tana kare fiye da kashi 90 na yara daga zama masu ɗauke da cutar. Taiwan ta fara nata a 1984, cikin shekara goma ciwon dajin hanta a yara ya ragu da kusan rabi. Najeriya ta sa allurar a jadawalinta a 2004, Nijar kuwa a 2008 ta sa ta cikin allurar nan mai kariya biyar da ake fara yi wa jariri a mako na shida. Yaran da aka haifa bayan nan, idan an kai su sun cika allurai uku, sun sami kariyar da iyayensu ba su samu ba.

Giɓin da ya rage biyu ne. Na farko, mako shida ya yi nisa ga jaririn da uwarsa ke ɗauke da cutar, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a yi allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. A ƙauyen da mace ke haihuwa a ɗaki, ba ta fita sai bayan suna ko arba'in, wannan yana buƙatar ungozoma da ma'aikacin lafiya su san juna, labari ya isa cibiyar lafiya a ranar. Na biyu su ne manyan da aka haifa kafin 2008, wato kusan duk magidantan yau. Gwajin cutar hanta B ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako cikin minti ashirin. Wanda aka samu da ita, akwai maganin tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana, wanda ke danne cutar ya rage haɗarin ciwon daji, kuma mai ciki idan ta sha a watannin ƙarshe yana kare jaririnta. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin ciwon daji da na'ura a 2021, amma daga Buza zuwa Yamai tafiyar yini ce, kuma ciwon hanta idan ya kai ga kumburin ciki ba abin da na'ura za ta yi masa. Gwajin GSTM1 ba zai sauya shawarar da likita zai ba mutumin Tabotaki ba. Gwajin cutar hanta B zai sauya ta, kuma idan an sami mutum ɗaya da ita a gida, a auna matarsa da 'ya'yansa da duk waɗanda suka fito ciki ɗaya da shi.